Nawa ne kuɗin duƙushi? Daga zamanin Kanajeji zuwa turken Baffana a Gwaram

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan mako saboda 'yan uwa da datarsu ba ta isa su saurari murya, da waɗanda suka fi son karatu a nutse.

Yau maganar doki za mu yi. Na san wani zai ce, ana fama da tsadar taki da kuɗin makaranta, ina ruwanmu da doki? To ai takin da makarantar ne suka kawo maganar. Ku dai biyo ni.

Ana saura mako 6 Babbar Sallah, Baffana, ƙanin mahaifina, ya kira ni daga ƙauyenmu da ke ƙasar Gwaram. Yana da goɗiya da ya daɗe yana kiwo, ta haifa masa duƙushi, bikili ne mai farin goshi, shekararsa 2 da rabi. Ga damina ta ƙarato babu taki a gida, ga 'yarsa ta samu gurbi a makarantar koyon jinya ana jiran kuɗin rajista. Dillali ya zo har gida, ya zagaya dokin, ya taya naira dubu 380. Baffa ya ce albarka. Sai ya ce da ni a waya: "Kai da ka yi boko har jami'a, kuma kullum kanka na cikin waya, faɗa min, nawa ne kuɗin dokin nan?"

Wallahi shiru na yi. Na san farashin buhun taki, na san na kwanon gero, amma doki ba shi da mudu, ba shi da sikeli. Tambayar nan ce ta mayar da ni cikin littattafan da na ajiye tun ina makaranta, ta kuma zaunar da ni gaban dattawa. Abin da na fahimta shi ne, tun fil azal kuɗin doki yana bin buƙatar wanda zai hau shi ne. In zamani ya sauya mai hawa, sai farashi ya bi shi. Wanda ya yi kiwo kuwa, in bai san wa ke neman dokinsa ba, shi ne ke tashi da mafi ƙarancin rabo.

Mu fara daga gida. Duk ɗan Birnin Kudu ya san Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka riga mu zama a ƙasar nan suka bar zane a jikin dutse. A shekarun 1950 masu binciken kayan tarihi suka fara rubutu a kansu, har aka sa su cikin wuraren tarihi na ƙasa. In ka je ka duba, mafi yawan abin da aka zana shanu ne. Ba mamaki, saniya ita ce dukiyar magidanci: ga nono, ga taki, ga nama, ga abin fita kunya ranar biki. Doki fa? Ba ma tatsarsa, ba mu saba cin namansa ba, ba da shi muke huɗa ba. Ci kawai yake yi, kuma cin mai yawa. To me ya sa tun da can ya fi saniya daraja a kasuwa? Saboda a bayansa mulki yake zaune.

Kundin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya ce Sarkin Kano Kanajeji, da ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Kundin ya kuma ce ya riƙa aika wa Kwararrafa dawaki, su kuma suna aiko masa da bayi. Ku tsaya a nan tukuna. Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan da muke da su kan cinikin doki a ƙasar Kano kenan, kuma kuɗin da aka biya mutane ne.

Abin bai tsaya a Kano ba. Wani ɗan kasuwa mutumin Benis mai suna Cadamosto, da ya je gaɓar Sanagal a 1455 cikin jiragen Fotugal, ya rubuta cewa doki guda da kayansa yana kamawa bawa 9 zuwa 14. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a littafinsa da aka buga a 1550, ya ce Sarkin Borno yakan ba fataken Arewacin Afirka bawa 15 zuwa 20 a kan doki ɗaya, kuma fataken sukan zauna jira har sarki ya je yaƙi ya dawo sannan a biya su. Masanin tarihi Robin Law, a littafinsa na 1980 kan doki a Afirka ta Yamma, ya nuna yadda abin ke zagayawa: da doki ake kamo mutane, da mutanen ake sayen wani dokin.

Me ya kawo wannan tsada haka? Dalili na farko, ƙuru, wato ɗan ƙaramin dokin nan na gida, ba zai ɗauki barde da lifidi da sulke ya yi sukuwa ba. Sai ingarma, ingarmu kuwa daga nesa ake kawo irinsu, daga Asben, daga Borno da gabashinta, wasu ma daga ƙetaren Sahara. Na biyu, doki ba ya daɗewa a kurmi. Ƙudan tsando na sa masa sammore ya mutu, saboda haka dauloli irin su Oyo kullum cikin sayen sabo suke daga arewa. Na uku, ɗawainiya. Doki ɗaya na buƙatar mai yankan ciyawa, mai ɗebo ruwa, ga dawa, ga dusa, ga kanwa. Wanda ba shi da barori ba zai iya ba.

Shi ya sa in kun lura, rabin sarautunmu warin barga suke yi. Madaki asalinsa Madawaki ne. Ga Sarkin Dawaki Mai Tuta, ga Ubandawaki, ga Shamaki mai kula da bargar sarki. Ga garuruwa irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, shi kundin ya danganta wa dawakin zage, waɗannan da ake ja a gaban sarki da sirdi babu mahayi. Ka ga tun a lokacin doki yana da aiki biyu: a yi yaƙi da shi, a kuma nuna wa jama'a cewa akwai rara.

To ina namu yankin a cikin wannan labari? Mu da aka haifa bayan 27 ga Agusta 1991 mun tashi muna cewa mu 'yan Jigawa ne, masarautarmu Dutse. Amma a ƙarni na 19, Birnin Kudu da Gwaram bakin iyakar masarautar Kano ne ta kudu maso gabas. In ka wuce mu, sai duwatsun Ningi. Wajen 1846 wani malami, Malam Hamza, ya bar Tsakuwa da jama'arsa bayan saɓani da hukuma kan haraji, suka shige cikin duwatsun nan, suka haɗa kai da mutanen wurin. Daga nan aka shiga shekaru fiye da 50 na hari da ramuwa. Ningawa su sauko su kwashi mutane da dabbobi su koma kan dutse, inda doki ba ya iya bin su. Sarakunan Kano, musamman Abdullahi Maje Karofi da ya hau a 1855, su ma su ɗaura yaƙi su shiga, su kamo na kamawa. Aka zo Basasar Kano a 1893, Yusufawa suka kafa sansani a Takai, nan maƙwabtanmu.

Ma'ana, a ƙasar nan tamu doki ba abin ado ba ne a wancan zamani. Shi ne ke kai labari gari na gaba cewa mahara sun taho, shi ne ke bin sawu a ƙwato waɗanda aka kama. Kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: a cikin kakanninmu akwai waɗanda suka hau doki, akwai kuma waɗanda aka ɗaure aka bayar a matsayin kuɗinsa. Duk namu ne. In muna kallon hawan sallah muna tafi, kada mu manta da na biyun.

Na tambayi Baffa yadda talaka ke sayar da doki a wancan lokaci. Ya ce abin da ya ji daga bakin kakansa, shi ma daga nasa mahaifin, shi ne in goɗiyarka ta haifi duƙushi mai kyau, ba sai ka nemi mai saye ba, labari zai riga ka isa fada. Ba ka isa ka tsaya kana cewa albarka ba. Kai shi za ka yi a matsayin gaisuwa, ka koma gida ka jira tukwici. Wani lokaci a ba ka riga da hatsi da abin da ya fi kuɗin dokin, wani lokaci kuma godiya ce kawai. Mai saye ɗaya ne, kuma shi ke yanke farashi.

Ko a kasuwar birni ma biyan kuɗin doki aiki ne. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Ku ƙiyasta yawan wurin da za a zube a ƙasa a ƙirga kafin a biya ingarma. Don haka manyan cinikai sukan tafi da tufafi da bayi a madadin kuɗi.

Sai 1903. Ranar 3 ga Fabrairu sojojin Turawa suka fasa ganuwar Kano. Makonni kaɗan bayan haka, a Kwatarkwashi, mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta afka wa 'yan tsirarun sojoji masu bindigogin zamani, aka yi ta zubar da su, shi kansa Waziri a nan ya kwanta dama. Daga ranar aikin doki na yaƙi ya ƙare. Kasuwar bayi ma Turawa suka rufe ta, dokarsu ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bautar gaba ɗaya a dokance. Abin da ake sayen doki dominsa da abin da ake biya da shi, duk suka tafi kusan lokaci guda.

Da an ce doki zai faɗi warwas a lokacin, ba wanda zai yi musu. Amma sai ya samu sababbin masu saye. Turawa suka tura hakimai su zauna a gundumominsu, ga rangadin haraji da jangali ƙauye-ƙauye, babu hanyar mota. Hakimi, dagaci, malamin haraji, ɗan doka, har da Joji, kowa na buƙatar dokin da zai yini yana tafiya bai gaji ba. Sannan ga hawan daba, wanda Turawan suka ga ya yi musu daidai wajen nuna iko: an yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, an yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, bayan mulkin kai ma aka yi babba a Kaduna lokacin FESTAC a 1977. Ga kuma sukuwa da ƙwallon dawaki, wato folo, da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo suka ɗaukaka. Daga baya keke da mota da babur suka ƙwace rangadi da tafiye-tafiye. Aka bar wa doki ado da wasa. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalawa.

Wannan doguwar tafiya ce ta kawo mu turken Baffa. Da na zauna da dattawan da suka san harkar, sai suka ce min yau masu sayen doki a wajenmu kashi huɗu ne, kuma kowanne da abin da yake dubawa.

Na farko mutanen fada: hakimai, dagatai, masu sarauta da 'ya'yansu, waɗanda za su fita hawan sallah a Dutse ko a garinsu. Su girma suke so, da launi, da taƙama, da dokin da zai ji bindiga da tambari da algaita bai watsar da mahayi ba. Na biyu samari 'yan sukuwa da kilisa, su gudu suke nema. Na uku masu bayar da haya, na hawan angwanci da saukar karatu da ɗaukar hoto, su kuma dokin da ko yaro zai hau lafiya. Na huɗu fataken da ke loda dawaki a tirela zuwa kudu, kasuwanni irin su Obollo-Afor a Jihar Inugu, inda ake yanka su. Waɗannan ba ruwansu da launi ko asali, nauyi suke kallo. Farashinsu shi ne ƙasan kasuwa. Duk wanda ya matsu, kusa da nan ake taya masa.

Saman kasuwa kuma daga Maigatari ake jin sa, can arewacin jiharmu a bakin iyakar Nijar, inda kasuwa ke ci ranar Alhamis. Dawaki da yawa daga Nijar suke shigowa, mai su kuwa da sefa yake lissafi. A 2023 aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin mota ya tashi. A Yuni aka saki naira, ta faɗi a gaban sefa. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Duk wannan ya sa dokin da ake shigowa da shi ya ƙara tsada, na gida ma ya kamata ya bi sahu. Dillali ya san da haka domin yana zuwa Maigatari. Baffa bai taɓa zuwa ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kada a ce ina zagin dillalai, a'a. Dillalin kirki ginshiƙi ne. Shi ya san mai doki, ya san mai nema, shi ke tsayawa shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce, in rigima ta taso shi ake nema. La'adarsa halak ɗinsa ce. Inda matsala take shi ne in dillali ya zama shi ne mai sayen a ɓoye: ya karya maka farashi, ya ɗaure dokin mako 5 yana ba shi dusa, ana gobe Sallah ya sayar ninki. Daga baya muka gane abin da na Baffa ya shirya kenan.

Na tafi ƙauye da kaina. Muka ɗauko wani tsoho da ya yi shekaru yana aikin barga, ya duba mana dokin tsakani da Allah. Bari in ba ku abin da na gani, zai yi muku amfani ko a kan wata dabbar.

Baki ya fara buɗewa. Ya ce shekarun doki a haƙori suke. Yana famfarar haƙoran tsakiya na gaba a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, in ya kai 5 baki ya cika. Namu ya fara famfarar farko, wato Baffa bai yi ƙarya ba. Sai ƙafa: ya shafa tun daga gwiwa har kofato yana neman kumburi ko zafi, ya ɗaga kowane kofato ya duba cikinsa. Ya sa aka ja shi a ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, yana sauraron saukar ƙafafun. Ya duba ido, ya saurari numfashi bayan an ɗan zabure shi. Sai launi, wanda har yau yana ƙara kuɗi ko ya rage: akawal baƙi, kili fari, bikili, hurde, gunya, danda, kowanne da masoyansa. Ya tambayi uwa da uba. A ƙarshe ya zo kan hali: yana cizo? Yana harbi? Yana tutsu? Yana tsayawa a ɗaura masa ragama?

Ya samu aibi biyu. Akwai tsohon tabon dabaibayi a ƙafar baya, ya warke, ba ya sa shi ɗingishi. Sannan yana firgita da ƙarar babur. Ni da wayona na 'yan birni na ce, ai in za mu ɗauki bidiyo sai mu ɗauka ta ɗaya gefen. Baffa ya dube ni ya ce: "Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da aka karantar da mu a zaure, wanda ya ɓoye aibin kaya ya ci haram, kuma mai saye na da ikon dawo da shi. Ka ɗauki tabon sosai yadda kowa zai gani." Kunya ta kama ni. Haka yake a littattafan fiƙihun Malikiyya, kamar yadda suka hana mutum ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don kawai a ruɗi wani. Dokar kare mai saye kenan tun kafin a san wata hukuma.

Muka zauna lissafi. Wata 11 goɗiya ke ɗauke da ciki, ga wata 30 yana ci a turke. Harawar wake da ta gyaɗa daga gonar Baffa take, shi ya sa bai taɓa ɗaukarta a matsayin kuɗi ba, alhali in ya kai ta kasuwar Sara da rani kuɗi ce tsaba. Da muka sa harawa da dusa da kanwa da magani, ko wahalarsa ba mu sa ba, sai ga shi tayin dillali bai mayar da abin da dokin ya ci ba. Baffa ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba.

Na ɗauki bidiyo uku: yana tsaye ta kowane gefe, yana tafiya, da bakinsa a buɗe. Na rubuta shekarunsa da aibinsa, na tura zaurukan WhatsApp na masu dawaki, na sa a Facebook. Amma na rubuta ƙarara cewa ba ma cinikin biri a sama, duk mai so ya zo ya gani da idonsa, ya taho da wanda ya san doki. Kun san halin da ake ciki. Kwana biyu ba a yi ba wani ya turo min hoton alat na bogi yana cewa direbansa na hanya.

Cikin kwana 10 mutum uku na gaske suka zo. Wani falke ya kalli cinyoyinsa kawai ya ce dubu 350. Baffa ko albarka bai ce masa ba. Sai wani saurayi ɗan gidan masu hali, sa'ana, ya zo da abokansa a mota. Dokin ya burge shi, nan take ya ce dubu 650, zai tura yanzu. Zuciyata ta ce shi ke nan, an gama. Baffa ya tambaye shi: "Samari, me za ka yi da shi?" Ya ce sukuwar bayan Sallah zai sa shi, akwai waɗanda yake so ya kunyata. Baffa ya ce: "Wa zai riƙa kula maka da shi?" Ya ce akwai maigadinsu. Baffa ya ce ya ba shi kwana biyu ya yi shawara.

Na uku wani dattijo ne daga cikin garin Birnin Kudu, wanda ke horar da dawaki yana kai wa mutanen fada. Ya yi kusan awa biyu bai yi maganar kuɗi ba. Ya sa aka tayar da babur daga nesa yana kallon kunnuwan dokin. Ya ce wannan tsoron yarinta ne, zai fita. Ya ce ba zai ɗora masa nauyi ba sai baɗi, hawan sallah kuwa sai ya cika baki. Ya taya dubu 500, Baffa ya ce albarka. Aka yi ta ja har 560, kuma dubu 400 ne a hannu, saura bayan kaka.

Da dare muka yi gardama da Baffa, irin wadda ban taɓa yi da shi ba. Na ce: "Baffa, ku duba fa. Bambancin dubu 90 ne, kuma wancan kuɗi ne a dunƙule. In an sallama doki ya zama na mai shi, ina ruwanmu da abin da zai yi da shi?" Ya ce: "Ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai ya kai shekara 5 zuwa 6. Yaron nan zai hau shi ya yi ta zabura a kan kwalta, kafin wata Sallar ƙafa ta lalace, sai a kira falken nan na farko. Ni na karɓi haihuwarsa da hannuna. Sannan ka manta uwarsa na nan? Duk wanda ya ga dokin nan a hawa nan da shekara 3, tambaya zai yi daga turken wa ya fito. Ƙaninsa nake yi wa ciniki tun yanzu."

Ya sallama wa dattijon. Aka kira shaidu biyu da mai unguwa, na rubuta takarda da kwanan wata da launin doki da tabonsa da ranar cikon kuɗi, kowa ya sa hannu. Dillalin farko ma Baffa ya ba shi na goro, ya ce gari ɗaya ake zaune.

Ba zan ce muku komai ya tafi daidai ba. An biya kuɗin rajista, alhamdu lillahi, ƙanwata ta tafi makaranta. Amma takin da aka saya bai kai gonar gero ta bayan gari ba, haka aka shuka ta da takin turke kawai, kuma duk wanda ya wuce zai ga bambanci. Cikon dubu 160 yana hannun mutum, sai kaka ta yi mu ga alƙawari. Har yanzu in na tuna dubu 90 ɗin nan sai in ji wani abu a raina. Abin da na tabbatar kawai, tsakanin tayin farko da inda aka sallama akwai dubu 180, kuma dokin bai ƙara ko gashi ɗaya ba a kwanakin nan. Abin da ya ƙaru shi ne Baffa ya san su wa ke nema, ya san abin da ya kashe, ya kuma samu mako biyu na yin haƙuri. Kakan kakansa bai samu ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Saboda haka 'yan uwana matasa, musamman mu da iyayenmu ke ƙauye, wayar nan da ke hannunmu tana da aiki a turke. Kafin a sallama doki, ko sa, ko ragon layya, mu tambayo farashin kasuwa biyu ko uku, mu zauna da su a yi lissafin abin da dabbar ta ci, a rubuta takarda in akwai bashi. Amma mu je da kunne, domin abin da suka sani game da dabbar da mutanen da ke sayenta ba ya cikin wayar.

'Yan Birnin Kudu, Babaldu, Gwaram, Sara, Basirka da Fagam, ga aikin gida. Ku samu tsohon da ya fi kowa shekaru a gidanku ku tambaye shi: an taɓa ɗaure doki a gidan nan? Wane launi ne, daga ina aka samo shi, da me aka biya, kuma me ya raba ku da shi? Ku ɗauki muryarsa in ya yarda, ku turo mana, za mu haɗa su a wani shiri na gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka.